Makullin da aka ƙera don ya buɗe

Muna shekara ta uku a karatun injiniyan kanikanci a nan Kano, wata safiya malamin da ke koya mana motsin sassan na'ura ya zana fistol a allo, an tsaga ta biyu ana ganin cikinta. Ni a lokacin bindigar da na sani ita ce ta 'yan bindigar Sarki ranar Hawan Daushe, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Har yau ban taɓa ɗana kunamar fistol ba, amma darasin wannan safiyar ya bi ni har wurin aiki.

Malam ya fara da lissafi. In albarushi ya kama a cikin harsashin milimita 9, matsin da ke tasowa yana iya kaiwa bar 2,350 a ma'aunin Turai. Tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗoriya take ɗauka. Wannan matsin yana tura harsashi gaba, yana kuma tura kwanso baya da ƙarfi iri ɗaya. In marfin sama mai zamewa ya buɗe da wuri, kwanson tagulla ya fito babu abin da ya tokare shi, sai ya fashe kusa da fuskar mai harbi. In kuma marfin ya ƙi buɗewa, bindiga ba za ta ɗura kanta ba. Sai ya ce, to, yaya za a yi?

Na ɗaga hannu na ce a ƙara wa marfin nauyi, a sa sifirin mai tauri. Ya ce, “Ka yi gaskiya, amma ga ƙaramin harsashi kaɗai.” Haka Walther PPK ta 1931 da Makarov ta Rasha suke aiki, babu makulli ko kaɗan, nauyi da sifirin ne ke jinkirta buɗewa. Sai ya miƙo mini alli: harsashi giram 8, yana fita da gudun kusan mita 350 a daƙiƙa, in lissafa marfin da zai riƙe shi. Abin da ya fito mini ya fi ƙarfin bindigar da za a rataya a ƙugu.

A nan ya kawo John Browning, ɗan Amurka. A M1911, wadda sojojin Amurka suka karɓa a 1911, bututu yana da haƙora a samansa da ke shiga cikin marfi. In aka harba, bututu da marfi suna ja da baya tare, a kulle, 'yan milimitoci kawai. Kafin su cinye wannan ɗan tazarar harsashi ya riga ya fita, matsi ya faɗi. Sannan wani ɗan ƙarfe mai lilo ya janyo gindin bututu ƙasa, haƙora su saki, marfi ya wuce shi kaɗai, ya watsar da kwanso, sifirin ya dawo da shi da sabon harsashi. Na daɗe ina kallon zanen nan. Ƙarfin da ake tsoro shi aka sa ya buɗe ƙofar, amma sai lokacin da ya daina zama haɗari.

Abin da ya biyo baya ma ya burge ni, don ragi aka yi ta yi. Browning ya rasu a Beljiyam a 1926, Dieudonné Saive, maƙeri ɗan Beljiyam, ya kammala fistol ɗin da Browning ya fara, Hi-Power, a 1935, aka cire ɗan ƙarfen lilon aka sa gangare a jikin bututun. SIG P220 ta 1975 ta rabu da haƙoran, kafaɗar bututu ce ke tokare tagar da kwanso ke fita. Glock 17 ta 1982 ta bi wannan sawun. Walther P38 da Beretta 92 sun ɗauki wata hanya, bututunsu ba ya sunkuyawa, wani ɗan curi ne a ƙarƙashinsa ke kullewa yana saki.

Ta Luger, wadda sojojin Jamus suka karɓa a 1908, ita na fi tunawa. Makullinta kamar gwiwar mutum yake: in ta miƙe sak tana ɗaukar nauyi mai yawa, in aka ɗan lanƙwasa ta sai ta naɗe.

Bayan na gama hidimar ƙasa na samu aiki a wata masana'antar roba a Sharaɗa. Injin da ke buga bokiti da buta irin wannan gwiwar ce ke danne masa mazubi. Wata rana roba ta riƙa tsartowa ta gefen mazubi, bokitai kuma suna fitowa a karkace. Babban makanikenmu, dattijo da ya shekara da shekaru a kan injinan, ya ce a ƙara matsi. Na ce, “Baba, a ba ni minti goma in duba gwiwar tukuna.” Ya ce bismilla. Na tarar ba ta kaiwa miƙewa, fil biyu sun cinye, sannan an rage lokacin sanyaya don a buga da yawa, mazubi yana buɗewa roba ba ta gama daskarewa ba. Muka sauya fil, muka mayar da lokacin yadda yake. Da la'asar Baba ya kira ni, ya ce in zana masa bindigar nan ta Jamus a bayan takardar oda, yana so ya ga gwiwar da idonsa.