Ƙugin da ke cika mota bayan an canja salansa

Sana'ata haɗa salansa ce. Ƙaramin gareji gare ni, da yara uku, da injin walda biyu, da na'urar lanƙwasa bututu guda ɗaya. Da na fara, masu zuwa wurina so suke motarsu ta yi murya. Yanzu kuwa kaso mai tsoka na aikina na waɗanda suka sami muryar ne, suka dawo dafe da kai.

Mutum zai cire salansar kamfani ya sa ta kasuwa mai faɗin bututu. Ranar farko baki har kunne, mota na tsaye yana taka totur tana ruri. Ranar da ya hau doguwar hanya, giya ta shiga ta ƙarshe, allurar juyin inji ta tsaya wajen 2,000, sai wani ƙugi ya cika motar, kamar an kifa masa ganga a ka ana bugawa. Wanda ke waje ba ya jin wani abin a zo a gani. Na ciki ne ke shan wahala: kunne ya toshe, hira ta gagara, bayan awa guda kai ya ɗau ciwo.

Wani mai mota V8, wato mai injin silinda takwas, ya zo mini bayan ya canja tukunyar salansa har sau biyu a wani wuri. Ya ce, "Malam, iyalina sun ce ba su ƙara bina tafiya. Nemo min wadda ta fi shiru." Na ce, "Yallaɓai, kafin ka sayi ta uku, mu hau titi tukuna."

Abin da ya sa ban sayar masa da komai ba a ranar shi ne, ƙugi daban, yawan ƙara daban. Ƙugi amo ɗaya ne tak, mai kauri, wanda ya dace da tsawon bututun da kuma girman cikin motar, sai su riƙa amsa masa kamar yadda ɗaki marar kaya ke amsa murya. Kuma ana iya lissafa shi. A inji mai bugu huɗu, kowace silinda tana tashi sau ɗaya a juyi biyu. V8 da ke juyi 2,000 a minti yana tura iska cikin bututu sau 133 a sakan, abin da ake rubutawa 133 Hz. V6, mai silinda shida, a wannan juyin 100 ne, mai silinda huɗu kuma sai ya kai juyi 3,000 zai ba da 100 ɗin. Igiyar sauti mai 133 Hz tsawonta ya haura mita biyu da rabi. Audugar gilas ɗin da ake cusawa a tukunyar da bututu ya ratsa ta miƙe kaurinta bai wuce 'yan santimita ba. Tana shanye siririyar ƙara, amma mai kauri wucewa take abinta. Shi ya sa mutum zai yi ta canja tukunya, mota ta ƙara shiru daga waje, ƙugin na nan daram.

A kan titi na sa yaro a kujerar baya da waya mai manhajar auna sauti, ni kuma ina kallon allura. Muka riƙe gudu ɗaya har ƙugin ya kai maƙura, aka rubuta lambar. Ta zo daidai da lissafi. Idan ba ta zo daidai ba, nakan fara zargin wani abu dabam, taya ko beyarin ko shaf, domin akwai mai ɗora wa salansa laifin da ba nata ba. Gwajin mai sauƙi ne: sauke giya ɗaya ba tare da ka canja gudu ba. In ƙugin ya ɓace, daga inji da salansa yake.

Daga nan sai ƙarƙashin mota, kuma a nan ne aikin arha yake. Ina duba robobin rataye. Wasu masu haɗawa kan sa masu tauri, wasu ma su walde ƙarfe da ƙarfe, sai jijjigar bututu ta shige bodi kai tsaye. Ina duba ko bututu na taɓa wani wuri, ina tuna cewa ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi, wanda bai taɓa ba da sanyi zai iya taɓawa a hanya. Sai bakin salansa. In ya tsaya a ƙarƙashin but bai leƙo bayan bamba ba, ƙasan motar ya zama fatar ganga. Wannan kam ko babu ƙugi, ba na barinsa haka, saboda hayaƙi na iya komawa ciki, kuma iskar kabon monoksaid ba ta da wari.

Motar mutumin nan duk wannan lafiya lau. Abin da aka yi mata shi ne an yanke ƙaramar tukunyar tsakiya da kamfani ya sa, wadda injiniyoyinsu suka auna musamman don kashe wannan amon. Mayar da ita ya fi komai sauƙi, amma shi yana son muryar. Sai muka koma ga bututun reshe.

Bututu ne da ake waldawa a gefen babban bututu, a toshe ƙarshensa, yawanci a lanƙwasa shi kamar harafin J don ya sami wurin kwanciya. Hayaƙi ba ya bi ta cikinsa. Sauti ne ke shiga, ya bugi toshiyar, ya dawo. In tsawonsa rubu'in igiyar ne, zuwa da dawowa rabin igiya ke nan, sai ya fito a daidai lokacin da zai ci karo da na bayansa, tudu ya faɗa kwari, su kashe juna. Lissafin shi ne a raba gudun sauti da lambar Hz ta amon, abin da ya fito a raba shi huɗu. A iska mai zafin digiri 20 sauti na tafiyar mita 343 a sakan, wanda ya ba da kusan santimita 64 ga 133 Hz.

A nan na taɓa ƙonewa. Na farkon da na haɗa a rayuwata da wannan lambar na yanke shi, na walde, na zauna ina jiran yabo. Ƙugin ya ɗan matsa ne kawai. Na manta iskar cikin bututu zafi gare ta, sauti kuma ya fi gudu a zafi: a digiri 100 ya kai wajen mita 387, tsawon da ake bukata ya koma kusan santimita 73. Tun daga ranar ba na walde ƙarshe sai an gwada. Ina yin shi gaɓa biyu, ɗaya na zamewa cikin ɗaya da maɗauri, mu fita titi, mu dawo mu ja ko mu tura kaɗan. Na mutumin nan sai da muka fita sau huɗu, kuma biyu muka sa, ɗaya a kowane bututu.

Inda babu wurin dogon bututu, akwai tulun Helmholtz, mai sunan masanin nan Bajamushe na ƙarni na 19. Rufaffen akwati ne mai ɗan wuya, yana aiki kamar kwalbar da aka hura bakinta. Ya fi gajarta, ya fi wuyar saitawa.

Masu tambayar shimfiɗar roba mai manne da ake liƙawa a ƙasan but nakan gaya musu gaskiya: tana hana falankin ƙarfe rawa, tana ɗan taimakawa musamman a motar da but ɗinta ke haɗe da wurin zama, amma ba ta tare amo mai kauri. Ƙari ce bayan an gyara tushen.

Waɗanda suka fi ba ni wuya su ne V8 masu kashe silinda huɗu a hanya don tsimin mai. Da zarar sun kashe, 133 ta koma wajen 67, bututun da zai kama wannan kuwa ya haura mita ɗaya da kwata. Amo biyu ke nan a mota ɗaya, reshe ɗaya ba zai ɗauke su duka ba. Irin wannan nakan sa mai motar ya tuƙa ni da kansa a gudun da ya saba, ya nuna min wanne ne ya fi damunsa, shi muke aunawa mu yanka wa bututu.