Kafin ka kai rediyonka wurin mai gyara, duba eriya da lokaci

Da yawa daga cikin akwatunan rediyon da ake cewa sun lalace lafiyarsu ƙalau. Matsalar ita ce kowane zango da yadda saƙonsa ke tafiya, kuma dabarar da ke kama FM ba ita ke kama gajeren zango ba.

FM tana tsakanin megahaz 87.5 zuwa 108 (megahaz shi ne ma'aunin lambobin da ake laluben tasha da su a fuskar rediyo), kuma saƙonta miƙe yake tafiya daga hasumiyar tasha, kusan iyakar inda ido zai hango daga can sama. Tudu, dutse ko dogon gini na iya tare shi. Shi ya sa mai sauraro a Kano ba ya kama tashar FM ta Sakkwato komai tsadar rediyonsa. Akwai lissafi mai sauƙi a nan: raba 300 da lambar megahaz, sai ka sami tsawon igiyar saƙon a mita. A megahaz 100 mita 3 ke nan, eriya kuwa kashi ɗaya cikin huɗu take so, wato santimita 75. Idan ta rediyonka ta karye, wayar jan ƙarfe mai wannan tsawon ta wadatar. Wayar salula ma don haka take neman a jona abin sauraro na kunne kafin ta kama FM, igiyarsa ce eriyar.

Gajeren zango, inda BBC ta fara magana da Hausa a 1957, aikinsa daban ne, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Saƙon yana hawa sama ne ya bugi wani rufin iska da hasken rana ke cajawa, sannan ya dawo ƙasa dubban kilomitoci daga inda ya taso. Rufin hawa-hawa ne. Na ƙasa, wajen kilomita 60 zuwa 90, da rana yana shanye ƙananan megahaz, da dare kuma sai ya baje. Na sama shi ke mayar da saƙon. Saboda haka da hantsi zuwa la'asar ka nemi tasha a mita 19, 16 ko 13, wato wajen megahaz 15, 17 da 21. Bayan magariba ka sauko mita 31, 41 ko 49, wajen megahaz 9.5, 7 da 6. Wannan ne dalilin da ya sa gidajen rediyon waje ke sanar da mita daban don shirin safe da na dare. Muryar da ke tashi tana faɗuwa kuma ba laifin batir ba ne, saƙon ne ke isowa ta hanyoyi biyu, wani lokaci su ƙarfafi juna, wani lokaci su kashe juna.

Don ƙara ƙarfinsa, sami wayar lantarki mai rufin roba mita 5 zuwa 10. Ka fere bakinta ɗaya ka naɗa a kan eriyar rediyon, ɗaya bakin ka fitar ta taga zuwa bishiya ko sanda, ka ɗaure da igiyar roba don kada ta taɓa kwanon rufi. Kada ka yi zarin tsawo. A ƙaramin rediyo, waya mai mita 20 ko 30 takan cika shi da saƙo har tashoshi su hau kan juna. Kada kuma ta gitta wayar wutar NEPA, ko sama ko ƙasa. Da damina, da zarar hadari ya haɗu, cire ta daga rediyon, don aradu ba a wasa da ita. Da hunturu ma busasshiyar iska mai ƙura kan tara caji a doguwar waya har ya ƙona transisto na farko, wato ɗan kayan cikin rediyon da ke fara karɓar saƙo daga eriya.

Matsakaicin zango bai damu da dogon ƙarfen eriyar nan ba sam. Eriyarsa wata baƙar sanda ce da aka naɗe da siririyar waya a cikin akwatin, don haka rediyon kansa za ka riƙa juyawa a hankali har murya ta fito.

Sai ƙarar nan ta "zzzz" da ta addabi gidajen yau. Daga cikin ɗaki take: ƙwan LED mai arha, cajar waya, inbata, na'urar cajin sola. Gwajin ba wuya. Sa wa rediyon batir, fita tsakar gida. In ƙarar ta ɗauke, koma ciki ka riƙa kashe kayan ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai laifin, sannan ka nisanta rediyon da shi ko da mita biyu ne. A ganina wannan gwajin ya fi sayen sabon rediyo amfani nesa ba kusa ba.

In kuwa ƙarar na zuwa ne kawai sa'ad da ka murɗa maɓallin sauti, ƙura ce ta shiga. A fesa masa maganin goge mahaɗin lantarki, a murɗa gaba da baya kamar sau ashirin, ban da man keke ko man gyaɗa. Farin gari a kan ƙarfen batir alamar batir ya zubar da ruwa ne. Goge shi da auduga da ɗan lemun tsami, bari ya bushe sarai, kuma kada ka haɗa tsohon batir da sabo, tsohon ne zai fara yoyo.