Allon da ya ƙone tun kafin ya fara aiki

Shekara huɗu ke nan ina haɗa batirin litiyam na sola a ɗan shagona a Kano, kuma har yau akwai allo guda da nake tunawa duk lokacin da na ɗauki soket zan cusa.

Batirin wani mai kemis ne, ƙwaya 16 na LiFePO4 a jere, kowace bolt 3.2, jimla 51.2. Na gama ɗaure su, na ja siraran wayoyin nan 17 zuwa soket, na ɗauko allon da zai riƙa daidaita cajin ƙwayoyin. Soket ɗin ya shiga a karkace. Sai muka ji ɗan "tas" kamar an fasa gyaɗa, sai ƙauri. Yarona da ke haska mini fitila ya ce, "Oga, ya tafi fa." Na juya allon, ga ɗigo baƙi kamar ƙwayar gero a bayan ayisi, wato ɗan ƙaramin guntun lantarkin da ke kan allon yana auna ƙwayoyin.

Da farko na ɗauka na juya waya ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da mita, kowace tana wurinta. Wannan ya hana ni barci fiye da asarar kuɗin, domin kuskuren da ba ka gane ba gobe ma za ka sake shi.

Ga abin da na gano. A bakin kowace waya akwai ƙaramar kapasita, wato 'yar ma'ajiyar wuta, da ke tace hayaniyar lantarki domin awo ya fito daidai. Kapasitar da ba komai a cikinta, a daidai lokacin da wuta ta taɓa ta, tamkar ka haɗa jar waya da baƙa ne kai tsaye. Da soket ya karkace, ƙafar farko da ta ƙarshe suka riga saura taɓawa, bolt sama da 50 ya sauka a kan allon lokaci guda, wutar ta nemi hanyar cika kapasitocin tsakiya, ta bi ta cikin ƙananan dayod na kariya da ke cikin ayisi. Su kuwa an yi su ne don ɗan tartsatsin da ke fita daga jikin mutum. Abin da ya riske su ya fi ƙarfinsu.

Maganin shi ne rizista, wato abin da ke rage yawan wutar da za ta wuce, a kan kowace waya, kafin kapasita. Da om 100, ko bolt 50 ne ya faɗo gaba ɗaya, rabin amfiya kawai zai wuce. Amma a nan ne aikin yake da daɗi, saboda idan ayisin da kansa ne ke zubar da cajin ƙwayar da ta riga saura cika, wutar za ta bi ta rizista biyu ne, wato om 200. Bolt 3.4 a kan om 200 bai wuce miliamfiya 17 ba. A ƙwaya mai amfiya-awa 280, wannan kamar kwashe rijiya ne da cokali. Ka rage rizistar, daidaitawa ta yi sauri, kariya ta ragu. Ni dai na zaɓi in bar om 100 a wurinta, in sa taransista, wato ɗan makunnin lantarki, daban a waje da rizista mai om 33, wadda ke zubar da kusan miliamfiya 100 ba tare da ta ɗumama ayisi ba. Ya ƙara mini kuɗi da wajen zama a kan allo, kuma ban taɓa nadama ba.

Masu amfani da allon da ke ɗiban caji daga ƙwaya mai yawa ya kai wa mai kaɗan, ta hanyar manyan kapasitoci, su ma su kula. Idan tazarar ƙwayoyin ta yi nisa, wuta mai yawa ce ke kwarara a tashin farko. Shi ya sa nake kawo ƙwayoyina kusa da juna da caja kafin in haɗa komai.

Haka abin yake a bakin inbata, sai dai can ya fi tsoratarwa, domin kapasitocinta manya ne. Wannan tartsatsin da wasu ke cewa "ai haka yake yi" shi ke cin bakin ƙarfe, shi ke sa BMS, wato na'urar da ke kare batiri, ta ɗauka shot ne, wato jar waya ta haɗu da baƙa, ta yanke, wani lokaci ya kashe mosfet ɗinta, makunnin da take yanke wuta da shi. Maganin shi ne a fara cika kapasitocin a hankali ta cikin rizista kafin a ɗaure babbar waya. Rizista mai om 100 da kapasita mai maikurofarad 10,000 suna buƙatar kamar daƙiƙa 5 kafin ta kusa cika.

Yanzu akwai rizista irin wannan rataye a ƙusa kusa da tebur, da 'yan wayoyi a kunnuwanta. Yarona kan ɗora ta ya ƙirga zuwa goma da ƙarfi kafin ya ɗaure babbar waya. A allon daidaitawa kuwa, baƙar waya muke fara haɗawa, sannan soket ya shiga a miƙe, da yatsa biyu a gefe da gefe.