Rage ƙiba ba tare da na tsani jikina ba

Mu mata masu jiki muna shan magana iri biyu ne kuma duka biyun suna gajiyar da mutum. A zumuntar mata za a ce kai, wance kin yi kyau, maigida na kula da ke, ki je asibiti kuma likita ya dubi awon jininki ya ce Madam sai fa kin rage. Ki dawo gida tela ya auna ki ya ce yadin nan ba zai isa ba. Duk wannan da sauƙi, wadda ta fi ciwo ita ce muryar da ke cikin kanki, wadda ke ce miki ke raguwa ce, ba ki da kamun kai, ji yadda kika zama. Ni dai wannan muryar ta fi tuwon shinkafa yi min illa, don duk ranar da ta yi ƙarfi ranar ce nake cin abinci ba don yunwa ba.

Abin da ya taimake ni shi ne bimbini a kan Maganar Allah, kuma bari in faɗa tun yanzu, ba ya narkar da kitse. Duk wanda ya ce miki akwai ayar da za ki maimaita tumbi ya sauka to ɗan uwan masu tallan shayin rage teɓa ne a Facebook. Aikin jiki yana nan daram, rage lemon kwalba (kwalba ɗaya ta 35cl sukarin cikinta ya kai wajen cokalin shayi 9), rage mai a miya, tafiyar ƙafa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa take babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati. Likitoci kuma sun fi son mutum ya sauke rabin kilo zuwa kilo 1 a sati, ba wai a zabge lokaci guda ba, har suna cewa ko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki kika rage hawan jini da sukari suna jin bambancin. To kin ga abu ne na watanni, kuma wata da watanni da zuciya mai zagin kanta ba inda za a je.

Yadda nake yi ba wani abu mai wuya ba ne. Da asuba kafin yara su tashi in zauna, waya a ɗaki, in ɗauki aya ɗaya ko biyu kawai in karanta a hankali, in sake karantawa, kalmar da ta tsaya min a rai in yi ta juya ta, daga nan in yi addu'a da ita, sai in yi shiru. Daga baya na ji ashe tsohuwar hanya ce, wani ɗan zuhudu mai suna Guigo ya tsara ta haka mataki huɗu tun ƙarni na 12, karatu, bimbini, addu'a, sannan natsuwa a gaban Allah. Shirun nan shi ne mai wuya a gare mu, mu da muka saba addu'a da ƙarfi da tafi da ganga, minti biyu ka yi shiru sai tunanin kuɗin makaranta da gas ya shigo, ba komai, ki dawo kan ayar kawai.

Zabura 139 kowa zai ce miki ki karanta, inda Dawuda ke yabon Allah don yadda ya halicce shi, kuma tana da kyau. Amma ni labarin Iliya a 1 Sarakuna 19 ne ya fi kama ni. Annabi guda, bai daɗe da gama da annabawan Ba'al a Dutsen Karmel ba, sarauniya Yezebel ta aiko masa da barazana sai ya gudu jeji ya zauna gindin itace ya ce Allah ya ɗauki ransa, wai shi bai fi kakanninsa ba. Wato ya raina kansa ƙarshen raini. Me Allah ya yi? Bai yi masa wa'azi ba, bai ce tashi ka yi azumi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, ga waina ga ruwa, ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa a karo na biyu ya ci don tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Barci da abinci aka fara ba shi kafin a yi maganar tafiya Horeb, dutsen da Allah ya yi magana da shi. Na daɗe ina juya wannan, domin ni a da gani nake duk lomar da na kai baki laifi ce da Allah ke rubutawa.

Shi ya sa ma ba na goyon bayan haɗa azumi da rage ƙiba. 'Yan'uwa da yawa idan coci ta sa azumin farkon shekara sai ka ji ana cewa yawwa bari in sauke kilo biyar, da yamma kuma a rama da masa da kunun zaƙi. Azumi na neman fuskar Allah ne, tsarin cin abinci kuma na kula da jiki ne wanda Bulus ya kira haikalin Ruhu Mai Tsarki a 1 Korintiyawa 6, kowanne da wurinsa.

Yanzu idan na ji hannuna zai tafi kicin da dare nakan tsaya in ja numfashi in tambayi kaina, yunwa ce ko haushi ko gajiya? Sau da yawa gajiya ce, kuma an san ƙarancin barci na ƙara sa mutum jin yunwa washegari, don haka sai in je in kwanta. In yunwa ce ta gaske in ci gwaten acha da ganye abina, in gode wa Allah, ba wani kukan tuba. Sikeli sau ɗaya a sati nake hawa, wani satin ya sauka wani satin ya ƙi, magungunan hawan jinina kuma ina nan ina sha har sai likita da kansa ya ce a rage.