Ranar da aka shafa wa gidanmu jan fenti a Sabil

A unguwar Sabil ta Jidda aka yanke mini cibiya, a gidan da mahaifinmu ya gina ɗaki-ɗaki bayan ya zo aikin hajji daga Kano bai koma ba. Da aka fara rusau a watan Oktoba na 2021, har muka ji katafila ta shiga unguwannin Gulel da Betromin, ni ko a jikina. Tun ina yaro ake cewa za a tashi unguwannin da Larabawa ke kira ashwa'iyyat, wato waɗanda aka gina ba bisa tsarin gari ba, ga shi har furfura ta fito mini muna nan. A majalisarmu ta bakin mai tsire kowa da nasa labarin: wannan ya ce titi kawai za a fitar, wancan ya ce wani babba ya sa baki. Na zaɓi wanda ya yi mini daɗi na riƙe.

Alhali kwamitin aikin ya fitar da jadawali, unguwa-unguwa, da ranar sanarwa da ranar yanke wuta da ranar rushewa. Ƙanwata ta turo mini a WhatsApp. Ban buɗe ba.

Wata safiya ina dawowa daga masallaci na tarar da jan rubutu a bangonmu: ikhla, ma'ana a fice. A bangon maƙwabta kuma an rubuta izala, ma'ana a rushe. Da na gaya wa Umma, sai ta ce, "To su kuma 'yan Izala me ya haɗa su da ginin mutane?" Dariyar ƙarshe ke nan da muka yi a gidan.

Maganar takarda ce ta fara kwance mini kai. Baba igama kawai gare shi, wato takardar izinin zama ta baƙi, don haka da sunan Kawu, wan Umma, aka sayi filin, tunda shi yana da takardar zama ɗan ƙasa. Babu sakki, wato takardar mallaka ta hukuma. Abin da ke akwai wata takardar ciniki ce ta hannu, shaidunta biyu duk sun riga mu gidan gaskiya. Ƙa'idar kuwa a fili take: mai sakki ana biyansa diyyar fili da gini, wanda ba shi da shi ginin kaɗai za a ƙiyasta. Abin da ya taimake mu shi ne tarin takardun kuɗin wuta da Umma ke adanawa a gwangwanin alawa, waɗanda na sha ce mata ta zubar.

Nan na tafka wauta. Don gudun asara na ciccire ƙofofi da tagogi da na'urorin sanyaya ɗaki na sayar wa 'yan gwangwan, sannan na tuna ana son hotunan ginin. Gidan da aka yi shekaru ana kashe wa kuɗi ya fito a hoto kamar kango. Duk wanda abin ya zo kansa, ya ɗauki hoton ciki da waje kafin ya taɓa ko ƙusa.

Sai kuma zuwa wajen Kawu, abin da na fi jin nauyinsa. Na durƙusa na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, maganar gidan nan ce." Ya ce, "Na sani, yaro. Gumin ubanku ne, sunana kawai aka ara." Ya sa aka kira shaidu aka rubuta. Allah ya saka masa. Amma a layinmu na ga inda irin wannan aron suna ya raba zumuncin shekara arba'in, domin wanda aka ba amanar ya rasu, 'ya'yansa kuma suka ce su abin da ke rubuce suka sani.

Jinkirina a kuɗin haya na biya shi. Waɗanda suka tashi da wuri sun sami shigga, wato gidan haya, da sauƙi; ni da na fita nema a makon ƙarshe, kusan ninki biyu dillalai ke faɗa, suna yi maka kallon in ba ka so wani na bayanka. Ga yarjejeniyar haya sai ta manhajar Ijar, ita kuwa ba ta karɓar igamar da ta mutu. Maƙwabtanmu da ba su da takarda ba su ma kai ga wannan matakin ba. Ƙarshe a Bahra muka sauka, kan hanyar Makka, yara suka yi makonni a gida kafin a gama mayar da sunansu wata makaranta a tsarin rajistar ɗalibai na Nur.

Ba zan ce unguwar ba ta da aibi ba. Ranar da ciwon Baba ya tashi, a kujera muka ɗauko shi zuwa bakin titi saboda motar asibiti ba ta shiga lungunmu, kuma in aka yi ruwa sai dai a naɗe wando. Sai dai a lungun nan ne in aka yi rasuwa kafin azahar an haɗa kuɗin abinci ba tare da an roƙi kowa ba. Yanzu gaisuwar mutuwa ma a waya ake yi.

Bayan ƙaramar sallah Umma ta matsa sai na kai ta ta gani. Fili fetal, ko alamar layi babu. Ta daɗe tana dube-dube, sannan ta nuna wata bishiyar darbejiya ta ce, "Nan ne ƙofar gidanmu." A lissafina gidan yana can gaba sosai. Na ce mata, "Haka ne, Umma."