Gwada manhajarka da sunan Sa'adu kafin ka miƙa ta

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja a Sakkwato, kuskuren da ya fi jawo mini asarar lokaci a sana'ar nan shi ne gwaji da bayanan da ba na mutanenmu ba. Ka cika fom da sunan Bature, komai ya tafi daidai a kwamfutarka, ka miƙa wa mai makaranta ko mai shagon magani, kwana biyu sai ga kiransa.

Fara da ɗan waƙafin sama da ke cikin sunayenmu: Sa'adu, Rabi'atu, Asma'u, Isma'ila. A SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, wannan alama ita ke buɗe rubutu ta rufe shi. Idan ka manna sunan kai tsaye cikin umarnin da kake aika wa rumbun bayanai, rumbun zai ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", ya ƙi karɓar sauran. Ni da farko goge alamar na riƙa yi, kuma ban kyauta ba, domin sunan mutum na lalata, ƙofar kuma tana nan a buɗe. Ta nan ɓarawo ke cusa nasa umarnin ya kwashe bayanai. Gyaran shi ne ka raba umarni da bayani: a harshen PHP ka yi amfani da PDO, kayan aikinsa na magana da rumbun bayanai, ka sa alamar tambaya a gurbin sunan, ka aika sunan daban.

Sai haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Kafin fitowar rumbun bayanai na MySQL 8.0 a 2018, tsarin haruffan da yake zuwa da shi latin1 ne, wanda bai san su ba, kuma har yau akwai tsofaffin sabobi, wato kwamfutocin da ke riƙe da rumbun, a kansa. Ɗahiru sai ya koma ?ahiru. Abin takaicin, da zarar an ajiye shi haka, harafin ya tafi ke nan, sai an koma ga takardun asali. Ka saita utf8mb4, tsarin haruffan da ya san su, a teburin rumbun da kuma mahaɗar da ke tsakanin manhaja da rumbu, shafin ma ya bayyana cewa tsarin haruffansa UTF-8 ne. Ɗaya ya kuskure, aikin ya ɓaci. Ka kuma tuna yawancin mutane Dahiru za su buga wajen nema, saboda haka ka ajiye kwafin sunan marar lanƙwasa a wani gurbi don bincike kawai.

Lambar waya rubutu ce. Idan ka ajiye ta a matsayin adadi, sai sifirin farko ya faɗi, lamba goma sha ɗaya ta koma goma.

Kuɗi kuwa a kwabo ake ajiye su, cikakkiyar lamba ba ɗigo. Buga 0.1 + 0.2 a harshen JavaScript ko Python ka gani: 0.30000000000000004 zai ba ka. Ƙanƙanin bambanci ne, amma da kaɗan-kaɗan matankaɗi kan cika, ƙarshen wata lissafin mai shago ya ƙi haɗuwa, kuma kai za a zarga. Naira 2,500 ka rubuta 250000. Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, ma a kwabo yake karɓar adadi.

Wanda ya fi duka zafi shi ne sabis. Mai amfani da manhajarka wataƙila yana Illela ko Gwadabawa da ƙaramar waya, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Ya danna "Biya", shiru, ya sake dannawa. Saƙon farko ya isa, amsar ce ba ta dawo ba, sai a cire masa sau biyu. Kashe maɓallin bayan dannawar farko yana taimakawa, amma bai isa ba. Ka ba kowace hada-hada lambar shaida tata tun daga wayar, ka sa rumbun ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. A Chrome akwai wurin rage gudun intanet zuwa na 3G cikin kayan masu gina manhaja; kunna shi, ka danna maɓallin sau biyar a jere, ka kashe data ana tsakiyar aikawa, sannan ka buɗe teburin ka ƙirga layukan da suka shiga.