Wasiƙa daga New York: gidan dutsen 1663 da yadda ake riƙe da shi

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida.

Da yawanku kuna da ɗan'uwa a unguwar Bronx. Unguwar ta samo sunanta daga Jonas Bronck, kuma wani danginsa, Pieter Bronck, ya gina gidan dutse a Coxsackie, kusa da Kogin Hudson, a 1663. Lokacin ƙasar tana hannun mutanen Holan; shekara ɗaya bayan haka Ingila ta ƙwace ta. Gidan yana nan tsaye. Ɗaki guda ne da farko, aka ƙara wani sashe na dutse a 1685, sannan ginin jan bulo a 1738. Zuri'ar ta zauna a ciki har 1939, lokacin da ta miƙa shi ga ƙungiyar tarihi ta gundumar Greene. Kada a manta kuma, yawancin manyan gonakin kwarin Kogin Hudson da ƙarfin bayi 'yan Afirka aka riƙe su, don sai 1827 aka gama soke bauta a jihar New York.

Bangon irin waɗannan gidaje yakan kai rabin mita a kauri, wani ma ya fi. Fuska biyu ake jerawa da duwatsun da aka tsinto a gona, a cike tsakani da ƙananan duwatsu da laka, wani lokaci a haɗa da ciyawa ko gashin dabba. Farar ƙasa tana da tsada a wancan zamani, saboda haka bakin tsagar da ke tsakanin duwatsu kaɗai ake liƙewa da ita. Ƙofa a raba ta biyu, sama da ƙasa, a buɗe ta sama iska ta shigo, ta ƙasa ta tare dabbobi.

Babban abokin gabar wannan gini ruwa ne, kuma abin da ya fi taimaka wa ruwan shi ne siminti. Kwaɓin farar ƙasa yana da laushi, danshi yana ratsa shi ya fita. Siminti kuwa ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma yana toshe hanya. Idan magini ya cike tsaga da shi, ruwan da ya shiga ta sama ba ya samun mafita, sai lakar ciki ta jiƙe ta fara zubewa. Da hunturu ruwan ya daskare, girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, ya turo fuskar bango waje. Kan gungumen katakon da ke cikin dutsen shi ma ya ruɓe a ɓoye. Wanda ya ga abin da yaɓen siminti ke yi wa ginin ƙasa a Kano ko Damagaram ya riga ya san wannan ciwo.

Shi ya sa gyara na gaskiya daga rufi yake farawa. A toshe yoyo, a share indararo, a gyara ƙasar gindin bango ta gangara waje, kamar santimita 15 cikin mita 3. Bayan nan ne za a taɓa tsaga. A ƙwaƙule tsohon kwaɓi da hannu, zurfin ya kai ninki biyu ko biyu da rabi na faɗin tsagar. Injin yanka yana cin gefen dutse, ba ya cikin wannan aiki. A share ƙura, a yayyafa ruwa, don busasshen dutse yakan shanye ruwan kwaɓi ya bar shi gari. Ma'aunin da aka saba shi ne farar ƙasa kashi 1, yashi mai kaifi kashi 3, amma gara a duba tsohon kwaɓin a nemi yashi mai kama da nasa. A cusa shi kaɗan-kaɗan, ana dannawa, kowane shafi ya ɗan kama kafin na gaba.

Nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki. Farar ƙasa ba ta ƙarfi cikin kwana ɗaya, a hankali take shan iska ta koma dutse. Dole a rufe wurin da jiƙaƙƙen buhun algarara na kwanaki, kuma ba a aikin idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 5, saboda haka a nan daga ƙarshen Afrilu zuwa Satumba ake yinsa. Idan za a shafa wa bangon wani abu, farar ƙasa za a shafa, ban da fentin roba.

Wassalam, daga 'yan'uwanku a jihar New York.